Daga Biro Zuwa Kwamfuta: Abin da Ke Jiran Injiniyan Gure

Yaron da ya tashi a Gure, ya ci bakaloreya, ya tafi Jami'ar André Salifou ta Damagaram ko makarantar EMIG ta Yamai ya karanta aikin injiniya, jarrabawa iri ɗaya ya sani: takarda, biro, da dogon lissafin da malami ke bi layi-layi, har ya ba shi rabin maki in hanyar ta yi daidai ko da amsar ta kauce. Ranar da ya nemi lasisin da ake girmamawa a ƙetare, sai ya tarar an sauya kiɗa.

A Amurka hukumar NCEES ce ke shirya jarrabawar lasisin injiniyoyi, kuma ana zama mata a wasu ƙasashe kamar Masar da Saudiyya. Mataki biyu ne. Na farko, FE, ya koma kwamfuta a Janairun 2014: tambayoyi 110 cikin awa biyar da minti ashirin. Na biyu, PE, na waɗanda suka yi shekaru suna aiki, an riƙa mayar da shi fanni bayan fanni daga 2018, har aka kai ga masu gini da hanyoyi a 2022. Nan kusa, Najeriya ta riga ta saba wa ƴaƴanta da allo tun daga ƙofar jami'a, domin hukumar jarrabawar shiga jami'a, JAMB, ta fara gwaji a 2013, ta ajiye takarda gaba ɗaya a 2015. Kenan matashin da ke neman rajista da COREN a yau, hukumar da aka kafa a 1970 mai ba da izinin amsa sunan injiniya, ya san linzamin kwamfuta tun yana ɗan sakandare.

Dalilan sauyin ba ɓoyayyu ba ne. Takardar da aka buga tana iya fita kafin ranarta, na'ura kuwa tana iya ba kowa jerin tambayoyinsa daban. A da sau biyu ake zama a shekara, Afrilu da Oktoba, a jira sakamako wata biyu. Yanzu manyan fannoni ana zama duk shekara, sakamako ya fito cikin kwana goma. Duk wannan alheri ne, ba na musu.

Inda abin ya fi taɓa mai shiri shi ne littafi. A zamanin takarda, masu zama PE kan shigo da akwatunan littattafai, kowane shafi da alamar da mai shi ya manna. Yanzu an hana. Littattafan ƙa'idoji hukumar ke tanada, suna gefen allo, sai ka rubuta kalma ka nemo abin da kake so. Wanda ya haddace lissafin ƙarfin kankare amma bai san sunansa da Turancin Ingilishi ba, zai ga lokaci na tsiyayewa yana laluben shafi. Raba mintocin FE da tambayoyinta, kowace ba ta samu minti uku cikakku ba. Shi ya sa shiri ya tashi daga yawan karatu ya koma yawan maimaici da agogo a gaba, da na'urar lissafi irin wadda aka amince da ita kaɗai, kamar Casio fx-991. Na'ura kuma ba ta ganin hanyar da ka bi, amsa kawai take gani.

Akwai wani ƙaramin abu da ba a cika faɗa ba. Ɗan Nijar da maɓallan Faransa ya saba, masu farawa da AZERTY. Na Ingilishi QWERTY ne, A da Q sun yi musayar gida, lambobi ma ba a buga su iri ɗaya. Abin dariya ne har sai ranar da hannu ke rawa.

Sai wuta. Gure na kan hanyar Diffa, tafiyar sa'o'i daga Damagaram, kuma maimaicin awa biyar ba ya yiwuwa a wayar hannu ko kwamfutar da batirinta ya gaji. Kowa na tuna Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da Nijar ke dogaro da ita bayan juyin mulki, ba ta dawo ba sai Maris na 2024. Mai shiri a Gure dole ya lissafa kuɗin sola ko na zama a birni cikin kuɗin jarrabawa. A ganina nan ne sauyin ya rage adalci: ya toshe ƙofar sata, ya buɗe ta bambancin hali.

Na'urar ma ba ma'asumiya ba ce. A Mayun 2025 shugaban JAMB, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito yana hawaye ya amsa cewa matsalar na'ura ta ɓata sakamakon ɗalibai kusan 380,000 a Legas da kudu maso gabas, aka sake musu zama.

Duk da haka yankin na buƙatar masu takardar da kamfanonin waje ke ganewa. Matatar SORAZ na aiki kusa da Damagaram tun 2011, bututun Agadem zuwa gaɓar Benin ya fara kai mai a 2024, kuma wanda ke sa hannu a kan zane shi ke karɓar babban kaso. Cibiya ɗaya a Damagaram mai sola, da kwamfutoci masu maɓallan Ingilishi, da malamin da zai koyar da kalmomin sana'a, za ta rage wa ɗan Gure rabin tafiyar.