Albashin Sabon Injiniya da Matakan Girmansa

Malamai da 'yan kasuwa da dama sun sa 'ya'yansu karatun injiniya a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ko ta Bayero a Kano, suna sauraron ranar da yaro zai ɗauke musu wani nauyi na gida. To, ya kamata su san yadda al'amarin yake, don kada a aza wa yaro kayan da ya fi ƙarfinsa, kada kuma shi ya yi zaɓen tumun dare.

Karatun shekara biyar ne. Bayansa sai hidimar ƙasa ta shekara guda, wadda alawus ɗinta ya kai naira 77,000 a wata a 2025. Sa'an nan yaro ya nemi aiki, ko a kamfanin siminti, ko na sukari, ko matatar mai. Hukuma ba ta yanka wa kamfanoni albashin injiniya ba, kowane da nasa. Abin da doka ta yanka a 2024 shi ne mafi ƙarancin albashin ma'aikaci, watau naira 70,000. Galibi kamfanonin mai su suka fi biya, ƙananan masana'antu kuwa suna can baya. Kuma abin da aka rubuta a takarda ba shi ke shiga aljihu ba, gama akan cire haraji, a cire kashi 8 cikin 100 don fansho, kamfani ya ƙara kashi 10 daga nasa, bisa dokar 2014.

Manyan kamfanoni sukan ɗauki yaro a matsayin mai koyo tukuna, shekara ɗaya ko biyu, kana su tabbatar da shi. Daga nan ya zama injiniya, ya zama babban injiniya, har in Allah ya nufa ya riƙe sashe. Amma akwai wata ƙofa a tsakani. Majalisar da ake kira COREN, wadda aka kafa a 1970, ba ta sa sunan mutum cikin littafin injiniyoyi sai ya yi shekara huɗu yana aikin bayan gama karatu, kuma manyansa sun shaide shi. Misalinta kamar ijaza ce wajen malamai: karatu dabam, izinin zartar da shi dabam.

Ƙarin kuɗi kuwa iri biyu ne, akwai na shekara-shekara gwargwadon ƙwazo, akwai mai zuwa tare da ƙarin girma, shi ne mai kauri. Ɗan kasuwa ya san yawan ciniki ba shi ne riba ba. Dattawa suna tune da ƙarin Udoji na 1974, yadda kuɗi suka yawaita a hannu, kasuwa ta tashi ta lashe su. A 2024 ma tsadar kaya ta haura kashi 30 cikin 100. Wanda aka ƙara wa kashi 10 a wannan shekara, a haƙiƙa ragi aka yi masa.

Saboda haka idan aiki biyu suka samu, kada uba ya tambayi nawa ne kaɗai. Ya tambayi wa zai koya wa yaron, yaushe za a tabbatar da shi, kuma bisa wane ma'auni ake ƙari. Fatake sun daɗe da sanin yaron da ya zauna gun ubangida nagari, ko da ladansa kaɗan ne, shi ke fita da sanin hanya da jari. Allah ya sa a dace, amin.