Ƙwan Zabi A Ƙarƙashin Kaza

Ƙwan zabi ne ya tsayar da ni a Yangoji, garin da ke bakin titin Abuja zuwa Lokoja a ƙaramar hukumar Kwali. Damina ta yi tsakiya, zabi na ta zuba ƙwai. Bayan gaisuwa da ruwan sha, aka raka ni gidan wata dattijuwa mai kiwo.

Ta ce zabuwa ba ta da haƙurin kwanci. A cikin ciyawa take ɓoye ƙwanta, sai jikoki su bi sawunta su gano gurbin. Ba a kwashewa duka, ana barin ɗaya ko biyu don kada ta sauya wuri. Sauran a sa wa kaza mai kwanci a akurki. Na kaza kwana 21 ne, na zabi kuwa yakan kai 28, shi ya sa ba kowace kaza take ba wa ba.

"Ɗana, akwai wadda da ta gaji sai ta tashi ta bar maka ƙwai su yi sanyi," in ji ta, tana gyara ƙaiƙayin da ke ƙarƙashin wata baƙar kaza.

Irin wannan dabara, da injin ƙyanƙyasa a madadin kaza, ita ta ceci kondo, wani ƙaton tsuntsu mai cin mushe a Kalifoniya ta Amurka. A 1987 guda 27 suka rage a duniya, aka tattara su a gidajen namun daji na San Diyego da Los Anjelas. In macen ta yi ƙwai sai a ɗauke a sa a inji, ita kuma ta sake yin wani. A 1992 aka fara sakin su, yau sun haura 500.

Da na ba da wannan labari, wani tsohon mahauci da ke zaune a zaure ya girgiza kai. Ya ce yana yaro sai an kori ungulu da sanda kafin a feɗe saniya, yanzu rabonsa da ganinta a mayanka har ya manta. Masu tsibbu na sayen kanta da tsada, guba kuma na kashe ta.

"Malam, da tana nan mushe ba ya kwana a bayan gari."

Tun 2015 aka sa ungulun da muka saba gani a jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa. Ƙwai ɗaya tak take yi a shekara.