Ba gam ne jabu ba, shirin ƙarfen ne da saura

A fadamar Tarka da ta ratsa Buza da Madawa, da kwarurrukan Keita, albasar rani ta dogara ne ga ƙaramin injin ban ruwa. Gangar da ke tura ruwan galibi alminiyam ce, kuma idan ta tsage, makaniki yakan ɗauko efoksi, gam ɗin nan mai tagwayen mazubi, ya cakuɗa ya shafa. Kwana kaɗan ruwa ya sake tsattsafowa, sai a ce gam jabu ne. Alhali gam irin wannan, da kamfanin Ciba na Suwizalan ya fitar da sunan Araldite a 1946, har a jiragen sama ana aiki da shi. Sau da yawa matsalar tana wajen shirya ƙarfen.

Masu ƙera ƙananan rokoki don sha'awa a Amurka da Turai sun san haka, domin wasunsu suna manna fukafukan alminiyam a bututun zaren gilashi, kuma idan fiffike ɗaya ya ɓalle a sama, sai rokar ta wargaje. Alminiyam da zarar ya sha iska sai wata fata siririya da ido ba ya gani ta rufe shi. Idan ta daɗe, ta sha laima da maiƙo, gam ita yake kamawa. Shi ya sa suke wanke wurin da asiton, su kankare da samfefa har ya yi kaushi, su sake gogewa, su shafa nan take ba tare da yatsa ya taɓa ba. Fetur ba ya wannan aiki, maiƙo yake bari. Awo ma ba a wasa da shi: efoksi ba bushewa yake ba, ruwayen biyu ne ke haɗuwa su daskare, don haka ƙara mai daskararwa don sauri rauni yake jawowa.

Sai zafi. Mita ɗaya ta alminiyam tana miƙewa kusan milimita ɗaya idan zafi ya ƙaru da digiri 40, zaren gilashi kuwa bai kai haka ba. Tsakanin sanyin asuba da ranar Afrilu a jihar Tawa, mahaɗar da aka manna a gangar injin tana cikin ja-in-ja kullum. Gam mai kamawa cikin minti biyar shi ya fi saurin yin laushi. Mai jinkirin kwana guda, da ƙyallen zaren gilashi shimfiɗe bisa tsagar, ya fi juriya.

Wani zai ce walda ta fi. Gaskiya ne a kan injin da bakin salansa, inda zafi ya fi ƙarfin gam. Amma waldar alminiyam mai kyau tana bukatar iskar argon da gwani, abin da ba kowane ƙauye ke da shi ba. Manomin da dashensa ba zai jure kwanaki babu ruwa ba ya cancanci gyaran da zai kai shi cirar albasa. Masu koyar da makanikai su sa wankewa, kankarewa da awo cikin darasin farko.