Saukar gaggawa ta ƙaramin jirgin sama a gona

Saukar gaggawa a gona ita ce saukar da matuƙi ke yi ba shiri idan injin jirgi ya mutu kuma babu filin jirgi a kusa. Jirgin ba ya faɗowa nan take. Ƙaramin jirgi irin Cessna 172 yana tafiyar kimanin mita 9 gaba a duk mita ɗaya da ya sauko, wato daga tsayin mita 1,000 zai kai kusan kilomita 9. Daga Daura zuwa Katsina, inda filin jirgin Umaru Musa 'Yar'adua yake, kimanin kilomita 80 ne, saboda haka a masarautar Daura gona ce mafita.

Iska da tsawon fili

Ana sauka ne ana fuskantar iska, domin tana rage gudun jirgi a ƙasa. A lokacin hunturu iskar yankin daga arewa maso gabas take busowa, da damina kuwa daga kudu maso yamma. Hayaƙi da ƙura na nuna inda ta dosa. Cessna 172 na buƙatar kimanin mita 400 idan akwai itatuwa a bakin fili.

Yanayin gona

Gonar da aka girbe aka kwashe kara ta fi dacewa. Gero da dawa kan wuce tsayin mutum, suna ɓoye suri da kututture, don haka gonar gyaɗa ko wake ta fi sauƙin karantawa daga sama. Ana bin tsawon kunya, domin ƙetare ta na iya karya ƙafar jirgi ko kifar da shi. Taya kan nutse a fadama mai laka da jigawa mai zurfin yashi.

Abubuwan haɗari

Gonakin yankin na da itatuwan gawo, kuka da tsamiya jefi-jefi. Gawo na zubar da ganye da damina, sai ya yi wuyar hange. Wayar lantarki ba ta ganuwa daga nesa, turakunta ake nema. Bayan kaka kuma akan sami dabbobi suna kiwo.

Misali

Ko babban jirgi kan tsira a gona. Ranar 15 ga Agusta 2019, jirgin Airbus A321 na kamfanin Ural Airlines ya sauka a gonar masara kusa da Mosko bayan tsuntsaye sun shiga injinansa, kuma duk mutum 233 da ke ciki sun rayu.