Gawo Da Jarin Falke

 Kowa a cikinmu ya san abin da bazara take yi wa dukiya. Ka sayi bijimi da ƙibarsa a Gidan Rumji ko Matamaye, ka riƙe shi mako uku kana jiran kasuwa ta yi kyau, kafin ka shiga da shi Jibiya ko Mai'aduwa tozo ya kwanta, haƙarƙari ya fito. Mai saye kuwa da ido yake tayawa. A wannan fitowa za mu yi bayani a kan abin da yake tsare mana wannan nama, wanda ba mu cika sa shi cikin lissafi ba, wato itatuwan da ke cikin gonaki da bakin burtali.

Daga watan Maris har saukar ruwa, ciyawa da kara sun bushe ƙayau. Masana kiwo sun auna sun ga abin gina jiki da ke cikin busasshiyar ciyawa bai kai kashi 5 cikin 100 ba. Shi ya sa za ka ga saniya ta cika tumbi amma tana ramewa. Ƙananan halittun da ke cikin tumbinta, waɗanda suke narkar mata da kara, su ma sai sun sami abin gina jiki suke aiki. To, 'ya'yan gawo suna da fiye da kashi 10 cikin 100. In dabba ta sami ko da tiya guda a rana, karan da take ci sai ya amfane ta. Haka 'ya'yan kalgo da na kandili, da ganyen aduwa da na magariya.

Shi gawo halinsa daban ne. Da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi kore shar. Saboda haka ba ya tare wa gero rana, ganyen da ya zubar ya zama taki, shanun da suka sha inuwarsa su bar kashi a gindinsa. Duk manomi zai gaya maka geron gindin gawo ya fi na fili zangarniya. Ba banza ba Sarkin Damagaram Tanimu ya hana saran gawo a ƙasarsa da hukunci mai tsanani.

Daga baya dokar gandun daji ta zamanin Turawa ta mai da itatuwa na gwamnati. Manomi ya ga abin da ba nasa ba ne, bai ga dalilin renonsa ba. Farin 1973 da na 1984 suka zo suka tarar da gonaki tsirara, dabbobi suka yi ta faɗuwa. A 1983 ne wani ɗan ƙasar Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, da ke aiki a Maraɗi, ya fara jan hankalin manoma su bar tohon kututture, su zaɓi masu ƙarfi su rena, su sare sauran. Wannan shi ne sassaben zamani. Ya bazu a Maraɗi da Damagaram da Tawa, har masu bincike suka ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200. A 2020 gwamnatin Nijar ta fitar da doka da ta tabbatar wa manomi haƙƙin itacen da ya rena a gonarsa.

Kada mu ce wannan zancen manoma ne. Gidan da ke da kuka da zogale yana da miya. Yara suna da magariya da goriba da aduwa, mata suna kai ganye da itacen wuta kasuwa su auno hatsi. A shekarar ƙarancin abinci irin 2005 da 2010, har anza an jiƙa an ci. Irin wannan gida ba ya gaggawar karyar da karsanarsa. Wani zai ce ai arha ribarmu ce. A'a, ɗan'uwa. Shekarar da aka sayar da karsanu da shanun haihuwa, shekaru uku ko huɗu masu zuwa kara ba ta da kaya, mu ne za mu zauna muna kallon juna.

Amma gaskiya ɗaya ce, mu ma muna da laifi. Sau nawa muka zauna sulhu saboda ɗan kore ya hau gawon mutane da gatari ya aske shi tas? Gawon da aka yi wa haka yakan daɗe bai yi 'ya'ya ba, wani ma ya mutu. Ga tarar ma'aikatan gandun daji, ga ɓacin ran mai gona, gobe kuma ta nan za mu sake bi.

Don haka ƙungiya take kira gare mu da abu huɗu. Na ɗaya, duk wanda ya ɗauki 'yan kore ya ja musu kunne tun kafin a tashi: ba a hawa itacen gona sai da izinin mai gona. Na biyu, in an ba da izini, a kaɗo 'ya'ya da gora, ko a rage ƙananan rassa, a bar kan itacen. Na uku, mu sayi 'ya'yan gawo da na kalgo lokacin da suke zuba suna da arha, a shanya su bushe sosai saboda ƙwari, a daka a haɗa da dusa. Na huɗu, mu tuna cewa takardun ƙetare iyaka na dabbobi ne, ba su ba kowa ikon sara a ƙasar mutane ba.

Masu zango kuma, kowa ya rena itace ko da biyar ne a zangonsa kafin damina mai zuwa. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kai dukiyarmu kasuwa lafiya, amin.