Gyara tun daga zubi: yadda ake tsare sabar girgije

Ɗalibin da ya taso daga Roni ko Gwiwa zai nemi gurbi a Kwalejin Fasaha ta Hussaini Adamu da ke Kazaure, ko Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Babura, da waya ko shagon intanet yake farawa. Zai shigar da sunansa, ranar haihuwa, lambar NIN, hoton fasfo da sakamakon jarrabawa. Haka ma'aikacin ƙaramar hukuma lokacin tantancewa, haka manomi mai neman tallafin taki. Duk waɗannan bayanai suna sauka ne a kan wata kwamfuta da ba ta barci, wadda ake kira saba.

A yau sabobi da yawa ba a ofishin masu su suke ba. Haya ake karɓa daga manyan rumbunan bayanai, tsarin da ake kira girgije. Microsoft ya buɗe rumbunansa a Afirka ta Kudu a 2019, Amazon ya bi baya a Cape Town a 2020, Google kuma a Johannesburg a 2024. A gida akwai Galaxy Backbone na gwamnatin tarayya, da kamfanoni masu zaman kansu a Legas. Matashi a Kazaure, da katin banki da data, zai iya kunna sabuwar saba cikin 'yan mintoci.

Sirrin wannan sauri shi ne zubi. Ba a haɗa kowace saba daga tushe. Akwai kwafi shiryayye na babbar manhaja, kamar Ubuntu ko Windows Server, tare da dukkan saitinta, daga gare shi ake fitar da saba ɗaya ko dubu. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin masu buga bulo ya san cewa idan ƙarfen zubin ya karkace, kowane bulo a karkace zai fito. Aibin da ke cikin zubin saba shi ma haka yake bin kowace saba da aka fitar daga gare shi.

Zubin gama-gari an shirya shi ne don ya yi wa kowa aiki cikin sauƙi, saboda haka yakan zo da manhajojin da mai shi ba ya buƙata da saiti mai sassauci. Ɓarayin intanet sun san da haka. Ba sai sun san sunan makarantarku ba. Suna da manhajoji masu zagaya adiresoshin intanet dare da rana, suna taɓa ƙofa ta 22 da ake shiga sabar Linux, da ta 3389 da ake shiga ta Windows, suna gwada kalmomin sirri na banza. Duk wadda ta buɗe, sun samu.

An ga aikin wannan sakaci a fili. A 2016 muguwar manhajar nan Mirai ta kame dubban ɗaruruwan kyamarori da na'urorin intanet da kalmomin sirri kusan 60 kacal, waɗanda aka fito da su daga masana'anta ba a sauya ba. Ranar 21 ga Oktoba na shekarar aka tura su kan kamfanin Dyn na Amurka, Twitter da Netflix da ke dogara da shi suka ɗauke wa miliyoyin mutane. A Janairun 2017 aka kwashe bayanai daga dubban rumbunan MongoDB da aka bari a buɗe babu kalmar sirri, aka bar wa masu su saƙon neman kuɗin fansa. A watan Mayun shekarar muguwar manhajar WannaCry ta kulle kwamfutoci fiye da 200,000 a ƙasashe 150, har da na asibitocin Ingila, alhali Microsoft ya fitar da facin toshe ɓarakar da ta bi tun watan Maris. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Zubi mai ƙarfafan tsaro yana juya al'amarin: saba ta fito a kulle, mai ita ya buɗe abin da yake buƙata kawai. Ana cire duk manhajar da ba ta da aiki, domin abin da babu shi ba a kutsawa ta cikinsa. Ana rufe dukkan ƙofofi sai wadda shafin ke amfani da ita. Ana hana shiga kai tsaye da asusun babban mai iko, a maye gurbin kalmar sirri da mabuɗin lantarki da ba ya cankuwa. Kowane ma'aikaci a ba shi iko daidai aikinsa, magatakarda mai shigar da maki ba ya buƙatar ikon goge rumbu. Ana kunna rajistar da ke rubuta wanda ya shiga da lokacin da ya shiga da abin da ya taɓa, a kuma saita facin tsaro ya riƙa sauka da kansa.

Ba sai kowa ya ƙirƙiro nasa ma'auni ba. Cibiyar CIS ta Amurka, wadda aka kafa a 2000, tana wallafa jerin matakai ga kowace babbar manhaja, ana sauke su kyauta. Mataki na 1 ya dace da yawancin ayyuka, mataki na 2 ya fi tsauri, don bayanai masu nauyi. Akwai zubinta shiryayye a kasuwannin Amazon da Microsoft da Google, da ɗan ƙarin kuɗi kan kowace awa. Wanda dala ta yi masa tsada zai iya gina nasa, ya auna shi da manhajojin kyauta irin su OpenSCAP da Lynis.

Amma zubi ba laya ba ne. Yana tsufa, don kullum ana gano sabuwar ɓaraka, sai an riƙa sabunta shi. Ba ya kare shafin da aka rubuta da ganganci, ba ya hana ma'aikaci miƙa kalmar sirrinsa ga ɗan damfara. Kamfanin girgije yana tsare gini da injuna, saitin saba kuwa yana wuyan ɗan haya. Bankin Capital One na Amurka ya ɗanɗana haka a 2019, lokacin da kuskuren saita katangar tsaro ya fallasa bayanan mutane sama da miliyan 100.

Doka ma ta shigo. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora alhakin tsare bayanan jama'a kan duk mai tara su, ta kuma wajabta sanar da hukumar kare bayanai ta NDPC cikin awa 72 idan an yi kutsen da zai iya cutar da mutane. Birtaniya kuwa, daga Afrilun 2024, ta haramta sayar da na'urorin intanet na gida masu kalmar sirri ta bai-ɗaya.

Yankin Kazaure da Babura ba baƙo ba ne a harkar. Tun zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, a farkon shekarun 2000, cibiyar Informatics ta Kazaure take yaye masana kwamfuta, kuma a 2021 aka kafa jami'ar Babura. Abin da ya kamata shi ne ƙarfafa saba ya zama darasin hannu: a ba ɗalibi zubin gama-gari, ya auna shi, ya gyara, ya sake aunawa. Makarantun za su iya haɗa kai su gina zubi guda ingantacce, su riƙa sabunta shi, ƙananan hukumomi da asibitoci da ƙananan kamfanoni su ɗauka.

Shugaban da zai sa hannu kan kwangilar shafin intanet kuwa, ko bai san kwamfuta ba, yana iya tambayar ɗan kwangila: daga wane zubi aka gina sabar, da wane ma'auni aka gwada ta, wa zai riƙa sa mata faci bayan an biya kuɗi? A rubuta amsoshin cikin yarjejeniya. Mutanen da suka miƙa bayanansu ba su da hanyar duba saitin da kansu, amana suka bayar, kuma wanda ya karɓa shi za a tambaya.