Daga Landan Zuwa Paris Ba Tare Da Dogon Rami Ba

Akwai mutanen da in jirgin ƙasa ya shiga rami sai gabansu ya faɗi, numfashi ya ƙi. Wannan ba abin dariya ba ne. In za ka shirya wa irinsu tafiya, ina ganin abin da za ka fara bincika shi ne minti nawa za su yi cikin duhu.

Ga misali. Jirgin Eurostar yakan bi ta ramin da aka buɗe a 1994 ƙarƙashin teku tsakanin Ingila da Faransa. Tsawonsa mil 31, wajen minti 20 ke nan. To, sai a bar shi. A hau jirgi daga tashar Biktoriya, a bi ta Catam zuwa Doba. Akwai ramuka a hanyar, amma ba wanda ya kai mil biyu. Kada a hau mai gudun nan na tashar Sen Pankaras, gama yana tashi sai ya nutse ƙarƙashin birni.

Daga Doba jirgin ruwa yakan kai Kale cikin sa'a ɗaya da rabi, daga can a hau jirgin ƙasa zuwa Paris. Amma fa a tambaya tukuna, don ba kowane jirgin ruwa yake ɗaukar wanda ba shi da mota ba.